Suna Linzami: Tarihin Sanya wa Waƙa Shaida Daga Faifan Garmaho Zuwa Fayil

Gabatarwa

A shekarar karatu da ta wuce wani ɗalibi ya kawo mini aikinsa a kan salon wani makaɗin fada, ya kafa hujjarsa da waƙoƙi huɗu. Da muka zauna muka saurare su, sai ga shi ɗaya daga ciki ba ta makaɗin nan ba ce. Ko daga kiɗan ma kunne ya isa ya raba gardama, domin uku da kotso aka yi su, ita kuwa ta huɗun da taushi. Na tambaye shi inda ya sami labarin mai ita, ya ce haka ya tarar an rubuta a jikin fayil ɗin. Sashe guda na aikinsa ya rushe ke nan saboda kalmomi uku da wani wanda ba mu sani ba ya rubuta, a wani lokaci da ba mu sani ba.

Wannan ne ya sa na koma kan tarin waƙoƙin da muke koyarwa da su don in gyara sunayensu, aikin kuwa ya ja ni ga tambayar da wannan maƙala take son amsawa: yaya aka yi sauti ya rabu da sunansa, kuma waɗanne dabaru mutane suka yi, zamani bayan zamani, don su sake haɗa su? Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya riƙe cewa kowane fayil na waƙa yana da wuri biyu da ake rubuta labarinsa. Na farko shi ne sunan fayil, watau abin da ido yake gani a jeri idan an buɗe kwamfuta ko waya. Na biyu shi ne wasu gurabu da ke cikin cikin fayil ɗin, inda ake sa sunan waƙa da na mai ita da shekara. A nan za mu kira su shaidar ciki. Sau da yawa biyun ba sa faɗin abu ɗaya.

Kafin Zuwan Na'ura

Malamanmu na da sun san wannan matsala, sun kuwa yi mata magani. Marubucin waƙa a ajami yakan ambaci sunansa a baitocin ƙarshe, ya faɗi adadin baitocin, sa'an nan ya sa ramzi, watau haruffan da idan aka lissafa su za su ba da shekarar hijira da aka gama waƙar. Mai kwafa kuma yakan ƙara nasa sunan bayan tammat. Hikimar abin ita ce shaidar tana cikin jikin waƙar. Gafaka tana iya tsufa a sake ta, takardar da aka liƙa a bayanta tana iya faɗuwa, amma duk wanda ya kwafi baitocin har ƙarshe ya kwafi sunan mai su, ko ya so ko bai so ba.

Waƙar baka ba ta bukaci wannan ba. Wanda ya tsaya a ƙofar fada ko a dandali yana ganin makaɗi da idonsa, ya san wanda ake yi wa waƙar, ya san ranar da sababin taron. Na'urar ɗaukar magana ce ta fara ɗauke murya ta kai ta inda ba a san mai ita ba, daga ran nan kuwa bukatar shaida ta kama waƙar baka kamar yadda ta kama rubutacciya.

Zamanin Faifai

Thomas Edison ya ƙera na'urarsa a 1877 a Amurka. Da aka soma sayar da waƙa a kan bututun kakin zuma, babu isasshen wurin rubutu a jikinsa, sai aka riƙa sa mutum ya faɗi sunan waƙa da na mai rerawa da na kamfani kafin kiɗa ya tashi. Ma'adanar sauti ta Balin, wadda Carl Stumpf ya kafa a 1900, ta ɗora a kan wannan: an umurci masu tattara waƙoƙi su yi irin wannan shela a farkon bututu, su kuma busa wani ɗan usur mai sanannen amo, don mai sauraro na gaba ya daidaita gudun na'urarsa da shi. Wannan shaidar ciki ce, kuma ta yi daidai da dabarar marubutan ajami.

Faifan garmaho, wanda Emile Berliner ya yi wa rajista a 1887, ya zo da fili a tsakiyarsa. Da fari a jikin faifan ake zana bayani, wajen 1900 kuma aka koma liƙa takarda zagayayya. Ban da takardar akwai wata lamba da ake bugawa a jikin faifan, tsakanin takarda da layin sauti na ƙarshe, wadda take nuna ainihin ɗaukar da aka yi a ɗakin ɗauka. Kamfani yana iya sake takarda, ya sake suna, ya sayar wa wani kamfani, amma lambar nan takan zauna. Da ita masu binciken tarihin faifai suke gano shekara da gari. Darasin da ke ciki shi ne, lamba wadda ba ta da ma'ana a kanta ta fi suna jure wa zamani, domin ba wanda yake jin sha'awar ya gyara ta.

A nahiyarmu, Hugh Tracey, wanda ya kafa ɗakin ajiyar kiɗan Afirka a ƙasar Afirka ta Kudu a 1954, ya nuna yadda ake wannan aiki da natsuwa. Kowace waƙa da ya ɗauka a gabashi da tsakiya da kudancin nahiyar tana da katinta, mai ɗauke da harshe da wuri da shekara da kayan kiɗa da sunan masu yi, daga baya aka buga fihirisar duka a 1973. A fannin Hausa kuwa, littafin David Ames da Anthony King na 1971 ya jera kalmomin kiɗa da na kayansa da na masu sana'arsa, har yanzu kuma mai son cike gurbin kayan kiɗa daidai zai amfana da shi.

Tef da Kaset

Yawancin abin da muke da shi na manyan makaɗan Hausa ta hanyar gidajen rediyo ya iso mu, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962. A can sauti yana kan tef, labarinsa yana kan kwalin tef da cikin littafin ajiya. Muddin kwali da tef suna tare, kome ya yi daidai.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya raba su. Faifai sai masana'anta take iya buga shi, kaset kuwa duk mai rikoda biyu ya zama mawallafi. Mutum ya ɗauki waƙa daga rediyo, ya datse muryar mai gabatarwa don kada ta ci masa wuri, alhali a cikin muryar nan ne sunan waƙar yake. Abokinsa ya kwafa daga gare shi, ɗan kasuwa ya kwafa daga abokin, ya cike sauran filin da waƙar wani makaɗin dabam, ya rubuta suna ɗaya a bayan kaset. Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar wannan ciniki. Lalle kaset ya yi wa waƙar Hausa babban alheri, don ya kai ta ƙauyukan da garmaho bai taɓa zuwa ba, ya kuma tsirar da waƙoƙin da tef ɗinsu na asali ya lalace. Amma fa kowace kwafa tana rage wani abu daga labarin waƙar, kuma shekara da wurin rerawa su ne suka fara salwanta. Kuskuren ɗalibina, bisa ga dukkan alamu, a irin wannan cikon kaset aka haife shi.

Faifan CD da Fayil

Abin mamaki, faifan CD da Philips da Sony suka fitar a 1982 bai tanadi gurbin suna ba. Abin da na'ura take iya karantawa shi ne yawan waƙoƙi da inda kowace ta fara. Suna yana kan takardar kwali. Wannan ne asalin jerin nan na waƙa ta 1, waƙa ta 2, waƙa ta 3 da muke tararwa a kwamfutoci ba tare da wani bayani ba. A cikin shekarun 1990 Ti Kan da Steve Scherf suka yi dabara: suka lura da wuya faifai biyu su yi daidai a yawan waƙoƙi da tsawonsu, saboda haka suka fitar da lamba daga wannan lissafi, suka buɗe rumbu mai suna CDDB inda duk wanda ya rubuta sunayen wani faifai zai aika, na bayansa su samu a sauƙaƙe. Jama'a suka cika rumbun kyauta. Da aka mayar da shi na kasuwanci, aka sake masa suna Gracenote a 2000, da yawa daga masu aikin sa kai suka ji an ci da guminsu, suka koma ga rumbuna na kowa da kowa. Wanda ya fi ɗorewa cikinsu shi ne MusicBrainz na Robert Kaye, wanda yake ba kowane mawaƙi da kowace ɗauka lamba tata, ya jera duk sauran sunaye a ƙarƙashinta.

Shi ma tsarin MP3, da aka tabbatar a 1993, sauti kaɗai ya kula da shi. A 1996 Eric Kemp ya liƙa wa ƙarshen fayil wani ɗan jela mai gurbi 128, aka kira shi ID3. An ba sunan waƙa gurbi 30, mawaƙi 30, kundi 30, shekara 4, sharhi 30, nau'in kiɗa gurbi 1, sauran 3 kuma na alamar da ke nuna farkon jelar ne. Kowane gurbi harafi ɗaya yake ɗauka. A gwada sa Muhammadu Sarkin Taushin Sarkin Katsina a gurbi 30: abin da zai shiga shi ne Muhammadu Sarkin Taushin Sarki, garin ya faɗi, alhali kuwa garin ne yake bambanta shi da sarakunan taushi na sauran fadoji. Gurbin nau'i kuma lamba ce da take nuni ga jerin nau'o'i 80 da aka tsara bisa kasuwar Amurka da Turai. Kiɗan fada da na noma da na dambe da na amada duk ba su da mazauni sai a ƙarƙashin kalmar da ke nufin "na ƙabila" ko wadda ke nufin "saura". Tsari na biyu na ID3, wanda ya fito a 1998, ya kawar da wannan ƙunci, ya ba da damar dogon rubutu da hoto da ƙirƙiro sababbin gurabu, sai dai fayilolin da aka riga aka datse ba su warke ba.

Sunan fayil ma ya sha irin wannan matsi. A tsarin MS-DOS na 1981 harafi 8 ne iyakar suna, sai 3 na nau'in fayil. Windows 95 ne ya faɗaɗa shi zuwa 255. Tun daga nan sunan waje ya zama wurin da kowa yake zuba abin da ya ga dama. Da aka shiga zamanin tura waƙa daga waya zuwa waya, masu shagunan turi da masu rarrabawa a intanet suka riƙa sa sunan shagonsu ko lambarsu a gurbin mawaƙi. Abin da wannan yake jawo wa mai waƙa ya fito fili a labarin Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin suka bazu cikin wayoyin Sahara har Mali, inda Christopher Kirkley ya tsince su. Sai da ya sha cigiya kafin ya gano masu waƙoƙin da ya tattara a kundin da ya fitar a 2011, don a biya su haƙƙinsu. Waƙar da ba ta da suna ba ta kawo wa mai ita ko anini.

Haruffa Masu Ƙugiya

A nan ne matsalar ta zama tamu ta musamman. Tun daga ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer ya buga a 1912 ake neman yadda za a rubuta sautukan nan da Turanci ba shi da su. A shekarun 1930 aka tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da su, taron Bamako na 1966 ma bai kawar da su ba. Sai dai tsarin ASCII na 1963, wanda kwamfuta ta ginu a kansa, lamba 128 gare shi, ba ko ɗaya ta haruffanmu, tsarin haruffan Yammacin Turai da ID3 na farko ya dogara da shi ma haka. Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba su mazauni.

Saboda haka sunan makaɗi ɗaya yakan zo mana da kama huɗu ko biyar. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, za a same shi a Dankwairo, da Dan Kwairo, da 'Dan'kwairo, da D'ank'wairo, wani lokaci ma da ÆŠanÆ™wairo. Wannan na ƙarshe yana da bayani: a tsarin UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci, idan kuwa manhaja ta ɗauka tsohon tsarin Turai ne, sai ta karanta kowane gurbi a matsayin harafi dabam, waƙa ta zama waÆ™a. Wannan ɓarna tana gyaruwa, domin lambobin suna nan, karatunsu ne ya karkace. Wadda ba ta gyaruwa ita ce inda manhaja ta maye harafin da alamar tambaya ta adana, ko inda aka zubar da ƙugiya, baki da baƙi suka zama ɗaya. Har ila yau, manhajar da take jera sunaye bisa lambar harafi takan kai Ɗ can bayan Z, ta raba Ɗanmaraya da maƙwabtansa. Ga kuma bambancin ƙasa: Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ, ita kanta alamar ɗaurin nan tana da kama fiye da ɗaya a kwamfuta, ido yana ganinsu ɗaya, na'ura tana ƙirga su dabam.

Abin da Gurabun Ba Su Tanada Ba

Ko an warware matsalar haruffa, akwai wadda ta fi ta zurfi. Gurabun nan an yanka su ne a kan waƙar da take da suna ɗaya, da kundi ɗaya, da shekara ɗaya. Makaɗin Hausa na gargajiya kuwa ba ya raɗa wa waƙarsa suna. Jama'a ne suke kiranta, wasu da sunan wanda aka yi wa, wasu da farkon gindinta, wasu da wani ɗa da ya yi fice a cikinta. Ibrahim Narambaɗa yana da Bakandamiya, Mamman Shata ma yana da tasa. A tsohon tsari na harafi 8 sai su zama BAKAND~1 da BAKAND~2, ba abin da zai nuna wace ce ta kotso, wace ce ta kalangu. Sa'an nan Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera waƙa ɗaya sau da yawa a wurare dabam dabam, yana ƙara ɗiya yana ragewa gwargwadon waɗanda ke zaune. Ga mai shago waɗannan maimaici ne da ke cin wuri. Ga mai nazari kowace rerawa hujja ce mai zaman kanta, kuma a bambancin da ke tsakaninsu ne ake ganin yadda makaɗi yake aiki.

Suna ma haka. Mamman Shata, Muhammadu Shata Katsina, Alhaji Shata, Dokta Shata, duk mutum ɗaya ne. Adamu Wayya shi ne Ɗanmaraya Jos. Masu kula da ɗakunan karatu sun daɗe da sanin maganin wannan, tun daga ƙa'idoji 91 na Antonio Panizzi na 1841: a zaɓi suna ɗaya a tsaya a kansa, sauran a rubuta su a matsayin masu nuni zuwa gare shi.

Gyara da Haɗarinsa

Yau akwai manhajoji, irin su Picard na MusicBrainz, da suke saurarar fayil su fitar masa da shaida daga sautinsa, kamar dangwalen yatsa, su nemo sunansa a rumbu, su gyara dubban fayiloli a zama ɗaya. Ga kiɗan da kamfanoni suka buga, wannan ya wadatar. Ga namu na gargajiya, wanda yawancinsa ba a shigar da shi rumbunan ba, manhaja takan dawo hannu rabbana, wani lokaci kuma ta kawo sunan da ba shi ba ne. Babban haɗari shi ne garin neman gira a rasa ido. Tsohon suna, kome muninsa, shaida ne: kuskuren rubutu iri ɗaya a fayil goma yana nuna daga hannu ɗaya suka fito, sunan shago yana nuna garin da waƙar ta bi, jerin lamba yana nuna yadda take a kaset. Wanda ya goge waɗannan ya rufe hanyar da za a bi a gano asalin kuskure.

Saboda haka ga abin da nake ba abokan aiki shawara, musamman malaman kwalejojin horon malamai da suke raba wa ɗalibai waƙoƙi. Da fari, a ajiye kwafin tarin yadda aka same shi, kada a taɓa shi. A kan kwafi na biyu za a yi aiki. Na biyu, a ba kowace rerawa lamba tata wadda ba za ta sake ba, sunan fayil ya zama lambar nan da gajeren sunan makaɗi cikin haruffa marasa ƙugiya, don ya wuce kowace na'ura lafiya. Na uku, a rubuta cikakken bayani da ingantacciyar Hausa, da ƙugiyoyinta, a shaidar ciki bisa tsarin Unicode, a sa tsohon sunan fayil a gurbin sharhi. Na huɗu, a buɗe gurabun da waƙarmu take bukata: wanda aka yi wa waƙa, kayan kiɗa, 'yan amshi, wurin rerawa, da hannun da aka karɓo ta. Na biyar, a bambanta shekarar rerawa da shekarar kwafa. Inda ba a tabbatar ba a bar gurbin fayau, domin gurbin da ba kome yana kiran mai bincike, wanda aka cika da zato kuwa yana sallamarsa. Na shida, a ajiye duk wannan bayani a wani littafi dabam, a kuma buga shi a takarda.

Kammalawa

Mun ga cewa kowane sabon mazubi, daga bututun kaki har zuwa fayil, ya zo ne da kula da sauti, labarin sautin kuwa sai daga baya ake liƙa masa shi, kuma a kowace ƙaura daga mazubi zuwa mazubi akan yi asarar wani abu. Malaman hadisi ba su karɓar matani sai da isnadi, mu ma bai kamata mu karɓi waƙa daga ɗalibi a matsayin hujja ba sai ya faɗi hannun da ta biyo. Akwai gaggawa a cikin al'amarin. Waɗanda suka yi wa manyan makaɗan nan amshi, da ma'aikatan da suka riƙe musu makirfo, da dattawan da suka halarci tarukan, su ne kaɗai za su ji rerawa su ce wannan a gari kaza aka yi ta, a bikin wane. Kullum raguwa suke yi. Ɗalibin nan nawa ya koma garinsu da waƙarsa ta huɗu a waya, ya kunna wa wani tsohon maroƙi, kafin a kai ƙarshen gindin tsohon ya faɗi mai ita. Mun rubuta sunan a gurbinsa, muka sa sunan tsohon da ranar da ya faɗa a gurbin sharhi, kusa da tsohon sunan fayil ɗin.